Ranar Da Na Ji Kirarina Daga Cikin Randa

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba turke, ya raba wa bayinsa zuciya kamar yadda ya raba musu arziki, wani ya samu da yawa, wani ya samu ɗan kaɗan. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Jatau, mutumin Gangaren Marke, wanda ya ratsa dazuzzuka tara ya ƙetare koguna bakwai. Na sha ba da labarin tafiyata a majalisu ana jinjina mini, amma akwai zango guda da nake tsallakewa kullum. Yau da furfura ta cinye kaina, haƙora suka fara yi mini sallama, shi zan ba ku, kuma ina jin kunyarsa har yanzu kamar jiya aka yi.

Ni ɗan kokawa ne a garinmu, amma na uku. Akwai mutum biyu da duk ranar da muka haɗu sai na tashi ina kakkaɓe bayana. Abin ya tsaya mini a rai, har wata rana na ji wani falke yana cewa can bayan koguna bakwai akwai wani tsoho mai koyar da wani kamu da ba a kuɓuce masa. Ban tsaya tambaya ba, na ɗaure 'yan tsummokarana na kama hanyar yamma. Tsohon nan har yau ban gan shi ba, kuma ina kyautata zaton falken ma bai taɓa ganinsa ba.

A daji na huɗu wata ɓauna ta biyo ni. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, na ɗare wata tsamiya. Ta taho a guje ta gabza kanta da gindin itacen, ta faɗi ko shurawa ba ta yi ba. Sai da rana ta take tsaka na sauko, na jefe ta da dutse sau uku don in tabbatar, sannan na cire ƙahonta guda na rataya a wuya. A daji na shida kuwa itatuwa tafiya suke yi, suna bin rana kamar garken shanu, duk wanda ya kwanta a inuwarsu sai su tattake shi. Na ɗaure kaina da rawanina a reshen wani gawo, ya yi ta tafiya da ni kwana uku, har na kwance kaina a bakin kogi na bakwai.

Kogin nan ba shi da jirgi, ba shi da mai fito sai wani kada, tsawonsa ya kai jerin rumfunan kasuwa. Ladansa kirari ne. Ka hau bayansa kana yabonsa, muddin bakinka na motsi yana iyo, in ka yi shiru ya nutse da kai. Kafin mu kai tsakiya duk yabon da na sani ya ƙare, na ji ruwa ya taɓa mini gwiwa. Sai na shiga ƙirƙira. Na ba shi kakanni goma sha biyu kowanne da yaƙin da ya ci, na aura masa 'yar sarkin kifaye, na ce shi ya haƙa kogin da jelarsa. Ya yi ta lumshe ido don daɗi har ya sauke ni a gaɓa. A bayan kadan nan na gane ashe bakina ya fi damtsena ƙarfi, kuma daga ranar na fara yi wa kaina irin abin da na yi masa.

Tafiyar yini biyu daga nan na isa Tudun Yumɓu, garin magina tukwane. Ban taɓa ganin gari mai yawan randuna da ƙarancin ruwa irinsa ba. Mutanensa gajeru ne, ramammu, hannuwansu duk sun tsattsage. Na zauna a kasuwarsu, na gyara ƙahon da ke wuyana yadda kowa zai gani, na buɗe baki. Ɓaunar nan na ce da hannun hagu na kā da ita. Itatuwa masu tafiya na ce ni na kora su kamar awaki.

Cikin masu saurare akwai wata tsohuwa, Inna Delu, ita ce uwar magina, ita ke yanke maganar garin. Kusa da ita wani tsoho ne rataye da ganga, makaɗinsu, sunansa Baba Anaruwa. Da na numfasa sai ta ce, "Ɗana, duka ke nan, ko da saura?"

Na ce, "Haba Inna, wannan ai somin taɓi ne."

Ta dubi Baba Anaruwa, shi ma ya dube ta. Ta ce, "To ka sauka a garinmu. Muna da buƙatar irinka."

Ga buƙatar tasu. A gindin tudun akwai marmaro mai ruwa garai-garai, tsakaninsu da wani babban birni da ake kira Kangarma. Kakanninsu sun yi ta yaƙi a kansa har suka gaji da binne samari, suka yi rantsuwa a mayar da yaƙin kokawa, duk shekara uku sau ɗaya. Saboda Kangarma ta fi yawa, mutum guda take kawowa, Tudun Yumɓu kuma ta kawo duk mazanta, su shiga ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya fita, ba ya sake shiga. A tsakiyar fagen akwai wani dogon dutse a tsaye. In inuwarsa ta kai bakin marmaro, wajen la'asar sakaliya, alhali da ɗan Tudun Yumɓu a fage ba a kā da shi ba, ruwa nasu ne. In an gama da su kafin nan, ruwa na Kangarma ne. Sau biyu a jere gwarzon Kangarma, wanda ake ce wa Tsauni, yana share su kafin azahar. Shekara shida ke nan matan garin na tafiyar rabin yini zuwa wani kududdufi. In suka faɗi karo na uku, marmaro ya tafi har abada, garin kuma dole ya tashi.

A al'adarsu duk baƙon da ya ci tuwo daga tukunyar uwar magina kwana arba'in ya zama ɗan gari, yana da damar shiga fage. Saura kwana arba'in da biyu a yi karon. Na bugi ƙirji na ce su kwantar da hankalinsu. A raina kuwa na ce Tsauni ai suna ne, waɗannan ramammun ko ni sai in share su kafin azahar.

Aka sauke ni a gidan wani mai haƙar yumɓu, Cindo, magidanci mai 'ya'ya mata uku, yatsu shida a kowane hannu, jikinsa kamar sillen kara. Mutumin nan in ina magana baki yake saki. Yayana yake ce mini, ko da yake ina jin ya girme ni. Kullum sai ya roƙe ni in koya masa ko da kamu ɗaya ne. Da ya dame ni sai na koya masa abu guda, kuma shi kaɗai ne gaskiyar da na faɗa a garin. Na ce, "In wanda ya fi ka ƙarfi ya taso maka, kada ka tsaya ƙirji da ƙirji. Faɗa wa ƙafarsa, ka rungume idon sawu, ka dunƙule, bayanka na kallon sama. Ba za ka kā da shi ba, amma zai sha wuya kafin ya juya ka." Ya yi ta gwadawa da turmin matarsa, 'ya'yansa na dariya.

Kowace safiya kuma Baba Anaruwa zai zo da gangarsa ya zauna gabana, wai yana koyon kirarina, domin a fagen nan ba a shiga sai makaɗin gari ya kira mutum da cikakken kirarinsa. In na ba shi na yau sai ya ce, "Ƙara, ɗana, ƙara. Bayan ɓaunar sai me?" Ni kuwa abin nema ya samu. Ɓauna ɗaya ta zama tara. Kadan da ya fito da ni na ce ni na ɗauko shi a kafaɗa na ƙetarar da shi. Na ci garuruwan da babu su, na karya sarakunan da ba a haifa ba. Tsohon ya haddace tsaf, baiti bayan baiti. Haka na yi kwana arba'in ina cin tuwon Inna Delu, ina wanka da ruwan da mata suka ɗauko a ka tun daga kududdufi, ban ji ko ɗar ba.

Ranar karo ta zo. Da hantsi muka gangara fage. Matan garin suka jera manyan randuna a gefe, kowacce an rufe ta da faifai, domin ko a shekarun da suka san za su faɗi sai sun zo da su, ko Allah zai sa a cika su. Mazan Tudun Yumɓu talatin da biyu ne har da ni. Inna Delu ta tsara mu, ta sa ni na talatin da ɗaya, Cindo na ƙarshe.

Sai ga Tsauni. Jama'a, gani ya kori ji. Wuyansa ya kai kaurin turmi, in ya taka ƙasa sai ka ji a cikinka. Aka kira na farko. Kirarinsa duka bai fi numfashi ɗaya ba, wane ɗan wane mai tukunya, domin magini ba shi da abin da za a faɗa a kansa da ya wuce haka. Tsauni ya ɗaga shi kamar damin kara ya maka da ƙasa. Na biyu ma haka. Da na uku ya faɗi na ji ƙarar haƙarƙarinsa daga inda nake. Na raɗa wa Cindo cewa zan zaga. Ya ce, "Je ka, Yayana, ka dawo da wuri ka ga yadda za mu gajiyar maka da shi."

Na zagaya ta bayan mata, hankalin kowa na fage. Gudu ba dama, fili ne fetal ko'ina. Na ɗaga faifan wata randa ta can ƙarshe, na zura kaina ciki, na dunƙule, na jawo faifan na rufe. A wuyan randar akwai wani ɗan tsagi, ta nan na ga duk abin da ya biyo baya.

Mutanen nan sun san babu wanda zai kā da Tsauni a cikinsu. Inuwa suke saye da jikinsu. Wani ya yi ta zagaya dutsen har numfashinsa ya ƙare kafin a cafke shi. Wani dattijo mai furfura ya maƙale a bayan ƙaton kamar kaska, sai da aka yi ta juyi da shi kafin a yar. Wani da aka buga da ƙasa ya tashi jini na zuba daga bakinsa, ya duba inuwa, ya ɗaga hannu yana dariya ya ce, "Na ja ta taki guda! Na baya, ku ɗora!" Babu wanda aka kira ya yi jinkiri. Ina kallonsu ta tsagin randa, gumi na bin bayana, ina ce wa kaina yanzu zan fita, bari dai wannan ya gama. Azahar ta wuce suna fage, abin da ba a gani ba cikin shekara shida. Amma da na talatin ya faɗi, saura taki bakwai inuwa ta kai ruwa.

Baba Anaruwa ya gyara gangarsa, ya buga, ya ɗaga murya.

"Ina Nomau na Jatau, guguwar Gangaren Marke!
Mai kā da ɓauna tara da hannun hagu, dama tana riƙe da goro!
Makiyayin itatuwa, wanda daji ke gudu in ya yi tari!
Mai goyon kada, mai shanye kogi ya nemi ƙari!"

Haka ya yi ta jerowa, gari bayan gari, sarki bayan sarki, bai tsallake ko baiti ɗaya ba. Duk abin da na ƙaga ina kishingiɗe cikina cike da tuwonsu, ga shi ana shelarsa gaban garuruwa biyu, mai kirarin kuwa yana dunƙule cikin randa, gwiwarsa a haɓarsa. Da ya kai ƙarshe ya yi shiru, fage ya yi tsit, ba wanda ya fito.

Sai ya koma farko. Mutanen Kangarma suka yi caa, suna cewa a wuce wurin. Inna Delu ta miƙe ta ce wa dattijonsu, "Malam, kai ka san rantsuwar kakanni. Wanda aka kira bai fito ba, sau nawa ake kiransa?"

Dattijon ya ɓata rai ya ce, "Sau uku."

"Da rabin kirari ko da cikakke?"

Ya ce, "Da cikakke," ya koma ya zauna.

A kira na biyu muryar tsohon ta fara dushewa. A na uku sai ka kasa kunne kafin ka ji shi, yana tari, yana tofar da yawu mai ja, amma ya ƙi sauri, ya ƙi ragewa. Tsauni kuwa ya samu wuri ya zauna yana hutawa. Sau biyu na kai hannu ga faifan nan zan ture shi. Na san ba zan kā da ƙaton ba, amma ni ɗan kokawa ne na gaske, ko na uku ne, da na riƙe shi taki biyu ko uku. Sau biyun duka na janye hannuna. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya a ranar, ta ja inuwa taki biyar, amma da tsohon ya rufe baki saura taki biyu, kuma saura mutum ɗaya.

Da ragowar muryarsa ya ce, "Cindo na Tanko, mai haƙar yumɓu." Iyakar kirarin ke nan.

Cindo ya fito. Ya waiga sau ɗaya wajen da na bi na tafi, sannan ya shiga. Tsauni ya miƙo hannu zai ɗauke shi, sai Cindo ya sulale ƙasa ya rungume idon sawunsa da yatsun nan goma sha biyu, ya dunƙule, bayansa na kallon sama. Ƙaton ya girgiza ƙafa, ya ja shi a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, fatar gwiwoyin Cindo ta saluɓe, bai saki ba. Ya kama ƙugunsa zai juya shi, sai Cindo ya ƙara naɗe ƙafafunsa a sawun. Jama'a suna ta ihu suna nuna inuwa, saura taki guda. Nan Tsauni ya fusata, ya kama hannun Cindo na dama ya murɗe. Na ji ƙas har cikin randa. Hannun ya saki, yana reto. Cindo ya yi ƙara guda, sannan ya cusa fuskarsa a ƙafar, ya riƙe da hagu da haɓa da duk abin da ya rage masa. Matarsa ta rufe idon 'ya'yanta. Ni ban rufe nawa ba, na ga lokacin da inuwar dutsen ta kwanta a kan ruwa.

Guɗa ta tashi. Tsauni da kansa ya sunkuya ya ɓamɓare yatsun Cindo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauke shi a hankali ya kai shi bakin marmaro ya kwantar. Mata kuwa suka yo kan randuna a guje. Na ji ana ɗage faifai ɗaya bayan ɗaya, ana matsowa. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Haske ya faɗo mini a ka, na ɗaga ido, sai ga fuskar Inna Delu.

Ta ce, "Fito, ɗana, randar muke so."

Na fito ƙafafuna sun sage, mata sun kewaye ni. Na fara in-ina ina neman abin faɗa. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar shi. Tun ranar da ka zo muka sani. Wanda ya kā da ɓauna ba ya zabura don akuya ta yi atishawa a bayansa. Shekara shida muna neman mai dogon kirari, mu ba mu iya ƙarya ba. Bakinka muka ciyar, kuma ya yi mana aiki. Ba mu taɓa sa ran za ka fito ba." Ta nuna bakin marmaro da haɓa. "Sai shi Cindo. Mun gaya masa, ya ce ba mu san ka ba ne."

Da za ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ja ƙafa zuwa inda Cindo yake kwance, mai ɗori yana ɗaure masa hannu da karare. Da ya gan ni sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yayana! Me suka yi maka? Na ce wa mutane 'yan Kangarma ne suka tsare ka a hanya. Su nawa ne?"

Wallahi kafin ya rufe baki labari ya riga ya haɗu a kan harshena, mutum bakwai da igiya da kulake, kuma na san zai yarda. Na dubi hannun nan. Na ce, "Ba wanda ya tsare ni, Cindo. Tsoro ne. Ina cikin randa."

Ya dube ni. Ya ce, "Tun safe?"

"Tun safe."

"Ka ga lokacin da na shiga?"

"Na gani."

Ya mayar da kansa ƙasa, ya dubi sama. Can ya ce, "Ashe kai ma kana jin tsoro. Ni kwana uku ke nan cikina na ɗurar ruwa, na yi ta ɓoye maka don kada ka raina ni. Da ka faɗa mini, Yayana, ai da mun tsaya wuri ɗaya mun ji shi tare."

Mai ɗori ya ce hannun zai haɗe, amma ba zai ƙara haƙar yumɓu ba. Washegari da hantsi na bar Tudun Yumɓu. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya zage ni, kowa na ta kai da kawowa da tulu a ka. Na kai bakin gari ke nan sai matar Cindo ta cim mini, ta miƙo mini gora cike da ruwan marmaro ba tare da ta dube ni ba, ta ce mai gidanta ya ce hanya da nisa. Na yi tafiyar yini biyu cikin rana, maƙogwarona kamar an zuba toka, gorar na rataye a kafaɗata, na kasa buɗe ta.

Iyakar abin da ya faru ke nan, kuma wannan karon ban ƙara masa komai ba.